Shekara 35 a kujerar shugaban jami'a: Fada Hesburgh ne ya gina Notre Dame ko daɗewarsa?

Malam_Sagir:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya a ofis muka kama musu da wani abokin aikina har aka kira la'asar ba mu gama ba, shi ne na ce bari in kawo maganar nan. Akwai wani limamin Katolika a Amurka, Fada Theodore Hesburgh, wanda ya shugabanci jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiyana daga 1952 zuwa 1987. Ya hau kujerar yana ɗan shekara 35, ya sauka yana da 70. Ya tarar da dala miliyan 9 a asusun ajiyar jami'ar, ya bar miliyan 350. Ɗalibai suka tashi daga 4,979 zuwa 9,600, malamai daga 389 zuwa 950. Abokina ya kafe a kan cewa daɗewar ce sirrin, wai ba a gina jami'a a shekara biyar. Ni kuma na ce dace aka yi da mutumin, da wani aka bari ya daɗe haka da ya kashe makarantar. Me kuke gani?

Ummu_Hanif:
Shekara 35? Malam ai wannan ba shugabanci ba ne, sarauta ce. Rawani kawai ya rage.

Akawu77:
Kafin a yi nisa, Malam Sagir, a gyara lissafin. Dalar 1952 ba dalar 1987 ba ce. Tsakanin shekarun nan farashin kaya a Amurka ya ninka fiye da sau huɗu, saboda haka miliyan 9 ɗin nan ta kai kusan miliyan 39 a kuɗin 1987. Ke nan asusun ya ninka kamar sau tara ne, ba kusan sau arba'in ba yadda ido ke gani. Sau tara ma ba wasa ba ne, ban raina ba. Amma a tuna lokacin da ya hau. An gama yaƙin duniya na biyu, gwamnati na biya wa tsoffin sojoji kuɗin karatu, sannan Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957 Amurkawa suka firgita suka dinga zuba kuɗi a binciken kimiyya. Jikokin 'yan ci-ranin Katolika daga Ayaland da Italiya da Foland kuma lokacin suka fara zama masu kuɗi, har ɗaya daga cikinsu, Kennedy, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1960. Damina ce ta yi kyau, kusan kowace gona ta yi albarka.

BitrusNaJos:
Salama gare ku. Akawu, damina ta sauka a kan kowa, gaskiya ne, amma jami'o'in Katolika nawa ne a Amurka a lokacin? Sun fi ɗari. Me ya sa ba duka suka zama Notre Dame ba? A 1952 abin da aka san makarantar da shi ƙwallo ne, ba ilimi ba. Akwai labarin da shi kansa ya sha bayarwa, cewa a wani taron manema labarai na farkon hawansa 'yan jaridar wasanni ne suka zo, har suka miƙa masa ƙwallo wai ya duƙa a ɗauke shi hoto. Ya ƙi. Wannan ƙin shi ne farkon aikin. A 1960 Gidauniyar Ford ta yi wa jami'ar alkawarin dala miliyan 6 bisa sharaɗin ta nemo ninki biyun wannan daga wasu wurare, ya nemo har ya zarce. Da irin wannan kuɗin aka gina katafaren ɗakin karatun da aka buɗe a 1963, wanda yanzu sunansa ne a jiki.

Ɗan_Ƙwallo:
Yaya Bitrus ka faɗi rabi ka bar rabi. Shi da ya ƙi hoto da ƙwallo, ƙwallon ce ta ciyar da shi. Koci Frank Leahy ya ciyo wa makarantar kofin ƙasa sau huɗu kafin ya bar aiki bayan kakar 1953. Aka kawo Terry Brennan, yaro ɗan shekara 25, a 1956 suka ci wasa 2 aka doke su 8, tsoffin ɗalibai suka yi ca, ƙarshe a 1958 aka sallame shi. Sai da Ara Parseghian ya zo a 1964 hankali ya kwanta, ya ci kofi a 1966 da 1973. Attajirin da ya rubuta cek na miliyan ba don laburare kaɗai ya rubuta ba, ranar Asabar yana filin wasa.

Ummu_Hanif:
Don Allah wace ƙwallo? Ba dai wadda ake sa kwalkwali ana tunkuyi ba?

Ɗan_Ƙwallo:
Ita fa, Hajiya. Ƙwallon ƙafa ce a suna, da hannu ake yin ta.

Dattijo_Ritaya:
'Ya'yana, na koyar shekara talatin da ɗoriya kafin in ajiye alli, na ga shugabanni da dama sun zo sun wuce, saboda haka ku ba ni dama in ja magana.

Abin da ba wanda ya ambata shi ne mutumin bai yi mulkin shi kaɗai ba. Akwai Fada Edmund Joyce, mataimakinsa, wanda suka hau tare a 1952 suka sauka tare a 1987. Joyce akawu ne tun kafin ya shiga aikin limanci. Shi ke riƙe da kuɗi da gine-gine da harkar wasanni, Hesburgh kuma yana waje yana nemo mutunci da masu bayarwa. Ɗaya mai mafarki, ɗaya mai ƙirga kwabo. In ka cire Joyce daga labarin nan ka cire ƙafa ɗaya ta murhu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni a inda na yi aiki, ba zan kira suna ba, na ga shugaban da ya zo da kyakkyawar niyya. Shekarar farko ta tafi wajen sanin inda makullai suke. Ta biyu da ta uku ya aza harsashin wani ginin ɗakunan gwaje-gwaje, ta huɗu masu neman kujerarsa suka fara kai takardun ƙorafi, ta biyar yana haɗa kayansa. Wanda ya gaje shi bai ko leƙa ginin ba, don ba sunansa za a rubuta a allon ba. Har na yi ritaya awaki ke kwana a ciki, rodi ya yi tsatsa, wata bishiyar maina ta fito a tsakiyar abin da aka ce zai zama ɗakin taro. Duk lokacin da na wuce ta wurin sai in ji abokin Sagir yana da gaskiya. Amma kuma na ga wani shugaban sashe da ya shekara goma sha biyu a kujera, wallahi da za a ƙara masa shekara ɗaya da babu malamin kirki da zai rage. To ka ga ni kaina a rabe nake.

Lauya_Zee:
Baba Dattijo, Allah ya ƙara lafiya. Ni inda hankalina ya tsaya shi ne 1967. Tun da Fada Edward Sorin ya kafa makarantar a 1842, mallakar ƙungiyar limaman Holy Cross ce, su ke da ƙasa da gini da iko. A 1967 Hesburgh ya shawo kan 'yan'uwansa limamai suka miƙa ragamar ga kwamitin amintattu wanda mafi yawansa ba limamai ba ne. Aka bar wata ƙaramar majalisa ta mutum 12 a sama, limamai shida da waɗanda ba limamai ba shida, su ke zaɓen amintattu, kuma dole shugaban jami'a ya zama limamin ƙungiyar. Ku duba fa: mutum yana shekara ta 15 a kujera, da hannunsa ya kafa kwamitin da zai iya sauke shi. Hajiya Ummu ta ce sarauta, to wane sarki ne ke naɗa waɗanda za su tuɓe masa rawani?

Akawu77:
Sarkin da ya san shi ya kawo su, Barista. Kwamitin da aka cika da attajiran da kai ka zaɓo, masu ganin girmanka, yaushe za su sauke ka? Kuma akwai lissafi a ciki: gidauniyoyi da gwamnati sun fi sakin kuɗi ga makarantar da ba a hannun limamai kai tsaye take ba.

Lauya_Zee:
Ban musa ba. Amma tsarin ya rayu bayansa, kuma wannan ne ma'aunin. Edward Malloy ya gaje shi ya yi shekara 18, John Jenkins ya yi 19, ba rikicin gado, ba kotu. Sannan a 1982 da ya cika 65 ya so ya sauka, amintattun ne suka roƙe shi ya ƙara biyar.

Ummu_Hanif:
"Jama'a ne suka roƙe ni." Barista wannan waƙar ai mun haddace ta.

'YarKafanchan:
Ni 'yar Katolika ce, kuma zan faɗi abin da wasunmu ke riƙe da shi a zuciya, don kada a ɗauka kowa a coci yana tafa masa. A watan Yuli na 1967 ɗin da Barista ta ambata, ya tara wasu shugabannin jami'o'in Katolika a Land O'Lakes da ke jihar Wiskonsin, suka fitar da takarda cewa dole jami'ar Katolika ta samu cikakken 'yancin kanta daga kowace irin hukuma, ta coci ce ko ta waje. A kunnen malamin jami'a wannan magana ce mai daɗi. A kunnen uwar da ta tura ɗanta can don ya dawo da bangaskiyarsa, wata magana ce daban. Masu sukarsa na cewa ya so makarantar ta zauna sahu ɗaya da Harvard da Princeton, sai aka dinga ɗaukar malamai saboda shahararsu ba tare da duba ko sun damu da addinin gidan ba, a hankali gishirin ya ragu a miya. Kuma suna tuhumarsa cewa muryar da ya ɗaga a kan haƙƙin baƙar fata bai ɗaga irinta a kan zubar da ciki ba. Ba banza ba Fafaroma John Paul na biyu ya fitar da doka a 1990 a kan abin da ake nufi da jami'ar Katolika da alaƙarta da bishop. A 2009 da aka gayyaci Obama bikin yaye ɗalibai aka ba shi digirin girmamawa, bishop-bishop da dama sun yi tir, na yankin ma ya ƙi zuwa. Lokacin Hesburgh ya daɗe da sauka, amma hanyar shi ya share ta.

BitrusNaJos:
'Yar'uwa, na ji ki, amma mutumin da kusan kullum sai ya yi Mass, babbar ibadar Katolika, duk inda ya kwana a duniya, ko a ɗakin otal ne, ba za a ce bai damu da addini ba. Har yau a ɗakunan kwanan ɗaliban akwai ɗakin addu'a. Abin da ya ƙi shi ne a aiko daga fadar Fafaroma a Rum a ce a janye rubutun malami. Tun a 1954 aka matsa masa ya janye wani littafin da jami'ar ta buga saboda maƙalar Fada John Courtney Murray a kan 'yancin addini, ya ƙi. Bayan kamar shekara goma babban taron Batikan na biyu ya karɓi ra'ayin Murray ɗin. Wa ya yi kuskure a nan?

'YarKafanchan:
A wannan ya yi daidai, Yaya Bitrus. Amma yin daidai sau ɗaya ba lasisi ba ne na har abada. Ibadar mutum daban, abin da makaranta ta zama bayansa daban.

Malam_Sagir:
Wannan ɓangaren ya shafe mu mu ma fa, duk wanda ya taɓa zama a kwamitin makarantar addini ya san shi: ka ɗauko gwanin lissafi ko ka ɗauko na gida. Amma kada mu bar tambayar. Daɗewa ko mutumin?

NaSouthBend:
Ina zaune a garin da ke maƙwabtaka da jami'ar shekara shida ke nan, bari in ba ku abin da ake gani da ido. In ka fito da safe a watan Janairu, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat, abin da ke ƙyalli kawai shi ne ƙubbar zinaren da ke saman ginin shugabanci. A ginin nan ofishinsa yake a da. Tsoffin ɗalibai har yau suna ba da labarin cewa in suka ga fitilarsa a kunne da tsakar dare sai su hau matakalar gudun gobara su ƙwanƙwasa taga, ya buɗe su yi hira. Ɗakin kwanansa kuma wani ɗan ƙarami ne a gidan limamai, albashinsa na shiga asusun ƙungiyarsu saboda alkawarin talauci da suke ɗauka. Ba mata, ba 'ya'ya, ba surukin da za a ba kwangila. Bayan ya sauka ya koma hawa na 13 na laburaren, idonsa ya mutu a ƙarshen rayuwa, ɗalibai ke zuwa suna karanta masa jarida, shi kuma yana zuƙar sigarinsa mai kauri. Ya rasu a Fabrairun 2015 yana da shekara 97, ɗalibai suka jeru a bakin hanya cikin sanyin nan har maƙabarta.

Amma akwai barkwancin da ɗaliban zamaninsa suka yi ta yi masa. Ba zan kawo shi duka ba don an sa sunan Allah a ciki, ƙarshensa dai shi ne wai ana samun Fada Hesburgh ko'ina a duniya ban da Notre Dame.

Dattijo_Ritaya:
Wannan batun na rashin iyali kada ku wuce shi da sauri. Rabin abin da ke lalata mai daɗewa a kujera 'yan'uwa da surukai ne. Shi an ɗauke masa wannan jarrabawar.

Sadiya_M:
Yawon nasa ai ba na banza ba ne. Shugaban Amurka Eisenhower ya sa shi a hukumar kare haƙƙin 'yan ƙasa tun kafa ta a 1957. Mutum shida ne, uku 'yan Kudu, biyu daga cikinsu tsoffin gwamnoni, a lokacin da ake hana baƙar fata rajistar zaɓe a jihohinsu. A 1959 da za su rubuta rahoto, ya kwashe su zuwa Land O'Lakes ɗin nan da Anti 'YarKafanchan ta ambata, aka yi kamun kifi aka ci aka sha, sannan aka zauna. Daga shawarwari 12, sun amince da 11 baki ɗaya. A 1964 ya tsaya riƙe da hannun Martin Luther King a wani gangami a Chicago. Ya zama shugaban hukumar a 1969, ya dinga sukar gwamnatin Nixon a kan jan ƙafa, Nixon na cin zaɓe karo na biyu a 1972 ya sa aka karɓi takardar murabus ɗinsa. Mai son kujera ba ya haka.

Kwamared_Isa:
Mai son kujera ba ya haka a Washinton, amma a gidansa fa? Fabrairun 1969 ya rubuta wa ɗalibai wasiƙa: duk wanda ya tare hanya ko ya hana aiki da sunan zanga-zanga za a ba shi minti 15 ya yi tunani, in bai tashi ba an dakatar da shi, in ya ƙara minti biyar an kore shi. Nixon ɗin da kuke cewa ya kore shi, shi ya fara aiko masa da yabo a kan wannan. A Nuwamban shekarar ɗalibai suka tare ƙofar masu ɗaukar ma'aikata na hukumar leƙen asiri ta CIA da kamfanin Dow, masu yin sinadarin napam da ake ƙona ƙauyukan Biyetnam da shi. Goma aka hukunta, biyar dakatarwa biyar kora. Yara sun ce kada a zo makarantar addini a ɗauki masu haɗa wuta, sai aka nuna musu agogo.

Sadiya_M:
Kwamared, a zamanin da ake ƙona gine-gine a wasu jami'o'in ne fa, kuma a 1970 sojoji suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State. A Notre Dame ba a zubar da jini ba. Shi ɗin kuma ya shawarci gwamnatin tarayya kada ta sa hannu a rikicin jami'o'i, kuma a Mayun 1970 ya tsaya gaban ɗalibai ya nemi a janye daga yaƙin.

Kwamared_Isa:
Bayan ya kori waɗanda suka riga shi faɗa. Ya dawo da su ne?

Ummu_Hanif:
Ni tambayata ɗaya. Ya hau 1952, amma sai 1972 aka fara ɗaukar mata karatun digirin farko. Shekara ashirin yana kallon makaranta ba mace. In daɗewa na kawo gyara, wannan gyaran ya yi nawa.

Lauya_Zee:
Hajiya, Yale da Princeton ma sai 1969 suka buɗe wa mata ƙofa. Kuma an fara ƙoƙarin haɗewa da kwalejin mata ta Saint Mary's da ke tsallaken titi, maganar ta rushe a 1971, shi ne suka buɗe da kansu. Amma kin taɓo wani abu: wanda ya yi shekara ashirin a kujera, ya tara yarda, shi ke iya gaya wa tsoffin ɗalibai maza zalla cewa al'adar shekara 130 ta ƙare, su haɗiye. Sabon shiga da ya gwada da sun cinye shi ɗanye. Haka miƙa mulkin 1967. Wannan maki ne na abokin Malam Sagir.

Akawu77:
Ko kuma makin Sagir ne, tunda wani zai tara yardar ya kashe ta a kan gyara kujerarsa.

Dattijo_Ritaya:
A nan gida ai an taɓa barin mutum ya ɗan daɗe. Farfesa Ishaya Audu ya riƙe jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma waɗanda suka ga zamanin sun san yadda makarantar ta bunƙasa. Yanzu doka ta ce wa'adi ɗaya na shekara biyar a jami'o'in tarayya, kuma ba don ƙiyayya aka yi ta ba, rikicin neman zarcewa ne ya ishi kowa. Amma kada mu kwatanta abin da ba ɗaya ba. Notre Dame mai zaman kanta ce, kuɗinta daga iyaye da masu bayarwa yake fitowa, in shugaba ya lalace aljihun ne zai fara rufewa. Wanda albashin ma'aikatansa ke zuwa daga baitulmali ko ya yi ko bai yi ba, wa zai ja masa kunne in an ce ya zauna shekara talatin?

Ɗan_Ƙwallo:
Ni dai abin da ya burge ni, an ce ya roƙi Shugaba Carter aka ɗauke shi a jirgin leƙen asirin nan SR-71 a 1979, gudun fiye da mil dubu biyu a awa, yana ɗan shekara sittin da ɗaya. Kuma digirin girmamawa 150 gare shi. Ina yake rataye rigunan?

'YarKafanchan:
Digiri 150 ɗin nan ma wasunmu hujja suke ɗaukarsa. Wanda duniya ta yi wa tafi haka, sai ka tambaya me ya daina faɗa mata.

Malam_Sagir:
Na tura wa abokin nawa duk abin da kuka rubuta. Ya karanta ya ce Barista ta gama magana, shi ya ci. Na ce ya sake karanta na Akawu da na Baba Dattijo. Yanzu ya dawo da wata sabuwa, wai tunda Malloy ya yi 18 Jenkins ya yi 19, to ba Hesburgh ba ne ma, gidan ne ke da al'adar barin shugaba ya daɗe.

BitrusNaJos:
Gaya masa kafin Hesburgh ba haka ba ne. Shugaban jami'ar shi ne kuma shugaban limaman gidan, dokar coci ta ƙayyade masa shekara shida. Wanda ya gada, Fada John Cavanaugh, daga 1946 zuwa 1952 ya yi. A 1958 da shidan Hesburgh ta cika sai aka raba muƙaman biyu, aka ba wani shugabancin limamai, shi ya ci gaba da jami'a.

Ummu_Hanif:
Af! Ashe har gyaran tsarin mulki aka yi masa. Barista kina ina?

Lauya_Zee:
Ina kotu, Hajiya, an kira shari'armu. Ku ajiye mini wannan, zan dawo bayan azahar.